Kayen da Na Hura Wuta da Shi

Ina yi maki kashedi tun a layin farko. In a cikin mota kika buɗe takardar nan, ki ninke ta ki mayar. Ba abin karantawa ba ce da ido ɗaya kan rubutu, ɗaya kan hanya. Kada kuma ki cusa ta ƙasan akwati ki ce ai faɗan Inna ne da aka saba. Faɗa ne, amma fiye da rabinsa kaina nake yi wa. Ki bari sai kin isa Kanan Bakashe, kin share ɗakin da aka ba ki, kin yi salla, sannan ki zauna ki karanta a natse.

Bayan haka, ɗiyata, ina gaishe ki. Allah ya sa kin sauka lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, ya haɗa ki da maƙwabtan kirki da rijiya mai ruwan daɗi. Labarin gida ba zan ba ki ba, kin san shi kamar yadda na san shi.

A tsakanin zannuwanki za ki ga sabon kaye mai baƙin bango, irin littafin rubutun 'yan lakwal, wato makarantar boko, amma mai kauri, da bik biyu na yin rubutun. Ni na sa. Na san ranki zai ɓaci in kin gan shi, kuma kina da gaskiya. Shekara bakwai ke nan ba ki faɗa mani abin da ke cikin ranki ba, ba ki kuma faɗa wa takarda ba, kuma ni na jawo. Ga shi yanzu an tura ki aikin ungozoma a garin da ba ki san kowa ba. Za ki karɓi jarirai masu kuka, za ki karɓi waɗanda ba za su yi kukan ba, ki wanke hannu ki koma ɗaki ke kaɗai. Mace mai shiru irin naki, in ba ta da inda take sauke abin da ta gani, ko ta karye ko ta bushe. Ni bushewa na yi. Ba na so ki gaje ni a nan, shi ya sa zan shimfiɗa maki kurakuraina yadda suka zo.

Kin san na yi kwaleji a Tasawa har aji uku, fari na farko, na rashin ruwan sama, ya maido ni gida, shekarar da muka wayi gari rediyo ba ya komai sai kiɗan soja. Abu biyu na fito da su daga can, hannun rubutu mai kyau da girman kai. Da aka kawo ni Baudeta gidan babanku, duk al'adar da ban gane ba sai in ce jahilci ce. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta rumbu. Mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Shi ke hawa ya ɗage jinka, ya shiga, ya jeho dami, ke naki sussuka da daka.

Fari na biyu ya same mu kina da shekara takwas, ƙanwarki Hajo tana goye. Damanar nan hadari ya yi ta wasa da mu. Ya taso daga gabas baƙi ƙirin, har mu ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta wani gari, mu kwashe shanya, mu jera tukwane ƙarƙashin indararo, sai iska ta ɗauke shi ta yi yamma da shi. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya yana kallon sama tare da mu, har ya bushe a tsaye. Kaka ta wuce ba a ji kiɗan girbi ba. Amma kowace safiya babanku zai hau rumbu ya daɗe a ciki, muna jin motsin kara kamar mutum na zaɓe cikin abu mai yawa, sannan ya jeho dami ya ce, "Da saura, Allah ya yi albarka."

Ranar da ya tafi kasuwar Hawandawaki na jingina tsani na hau. Na gaya wa kaina ai ni na yi karatu, ya kamata in san inda muke. Hasken rana ya biyo ramukan jinka ya sauka ƙasan rumbun kamar zare. Damma kaɗan ne jingine a gefe guda. A tsakiya kuma akwai wuri inda ƙura ta goge, daidai mazaunin mutum, da ɗan tarin busasshen kara kusa da shi. A nan na gane abin da yake yi kowace safiya. Zama yake yi, yana motsa karan da hannu don mu ji.

Na sauko na mayar da tsanin inda yake. Ba ni da halin gaya mashi na gani, don in na faɗa na tona mashi asiri a cikin gidansa. Ba zan gaya wa uwata ba, ba zan gaya wa mata a bakin rijiya ba. Abin ya zauna mani a ƙirji kamar dutsen niƙa, ya shiga neman inda zai fita, kuma ta kanki ya fita. A makon nan na mare ki don kin watsa wa kaji tsaki fiye da yadda na ce. Ko kin tuna ko kin manta, ni ban manta ba.

To ki ji. Kada karatu ya sa ki raina abin da kika tarar mutane na yi tun ba ki tambayi dalili ba. An hana mace rumbu don mutum ɗaya ya ɗauki tsoron, sauran su iya haɗiye abinci. Ban ce daidai ne ba, na ce akwai dalili. Ke kuma aikinki kullum leƙa abin da mutane suka rufe ne. Za ki san abubuwan da ba ki da ikon faɗi. Ki tanadi wurin ajiye su tun kafin ki fara hucewa kan wanda bai san komai ba.

Wadda ta nuna mani wurin ajiyar ba ta taɓa shiga lakwal ba. A shekarar nan mutanen arewa sun gangaro, dabbobinsu sun ƙare a hanya, suka kafa bukkoki bayan rijiyar gari. Cikinsu akwai wata mata, Tanna, doguwa, shunin mayafinta ya rine mata goshi. Kullum in na zo ɗibar ruwa da hantsi sai in gan ta tsugune tana zane a yashi da yatsa, ɗigo-ɗigo da zobba da 'yan sanduna, irin rubutunsu. In ta cika wurin sai ta tsaya ta dube shi, ta shafe da tafin hannu, ta ɗauki tulunta. Na zaci duba take yi. Wata rana na tsaya a kanta na ce mata in duba ne haramun ne, ta bari. Kin san bakina.

Ta yi dariya, ta ce da Hausarta mai lanƙwasa wai sunayen raƙumanta ne da shanunta, kowace da wurin da ta faɗi. Na tambaye ta amfanin rubutun da za a shafe.

Ta ce, "'Yar lakwal, da su nake tashi a kaina. In ban sauke su ba, ina zan ɗora ruwa?"

Ran nan na tono tsohon kayena na kwaleji daga ƙasan adaka. Kaɗan daga gabansa darasi ne, sauran fari. Bayan azahar, sa'ad da gida ya yi tsit kowa ya nemi inuwa, na tafi gamanata, ɗan filin da babanku ya yankar mani, na zauna gindin gawon nan da ke fitar da ganye lokacin da kowane icce ke zubar da nashi. Da Faransanci na fara, kamar mai amsa jarrabawa. Na yi layi uku na ji ba ni ce ke magana ba, sai na juya Hausa. Na rubuta, na leƙa rumbu. Daga nan hannun ya yi ta tafiya shi kaɗai.

Shafi biyu na yi ina zagin babanku. Washegari na karanta na ga zagin ya yi mashi yawa, na sake wani. A kwana na huɗu abin da ya fito daga bakin bik tausayi ne, na ga mutum zaune cikin rumbu yana kaɗa kara saboda 'ya'yansa. Kin san yadda muke yi da anza, 'ya'yan iccen nan masu ɗaci, a shekarun yunwa. A jiƙa, a zubar da ruwan, a sake wani, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita a iya ci. Haka kaye ke yi wa abin da ke cikin rai. Bai ƙara dami ko ɗaya a rumbu ba. Amma na dawo ina iya miƙa wa babanku ƙwarya in dube shi a ido.

Daga nan na shiga rubuta abin da babu. Ruwa nake rubutawa. Na rubuta tabkin garinmu lokacin ina yarinya, da bado a kansa, da kukan kwaɗi, da yadda muke shiga zannuwanmu su kumbura su taso kewaye da mu. Na rubuta ruwan farko na shekara, yadda yake buga ƙasa ƙura ta tashi kafin laima ta kwantar da ita. Har yau ina iya rantsuwa akwai ranar da na ɗaga kai daga rubutu na ji sanyi a wuyana kamar yayyafi ya taɓa ni, alhali sama fes take. Wani lokacin in yi gyangyaɗi da bik a hannu, in ga gonar ta zama ruwa har iyakar gani, ke da Hajo kuna tafiya a kansa ba ku nutse ba, Tanna na biye da raƙumanta duka, kowanne da sunansa rataye a wuya. In farka da yashi a kumatu, in koma gida in sake wa anza ruwa, kuma in ji zan iya kai gobe.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari, ta tafi da Hajo cikin kwana shida. Mata suka zo, kowace ta ce haƙuri, a riƙe hawaye, ba ke kaɗai ba ce. Gaskiya suka faɗa, unguwarmu kaɗai ba gida ɗaya ba ne. Na yi haƙurin a gabansu har aka yaba mani. Kukan kuwa gindin gawo na kai shi. Na rubuta yarinyar tun daga kai har ƙafa don kada ta ɓace mani, yadda take kama mani leɓe in tana shan nono, kalmomi huɗu da ta iya, ƙamshin tsakar kanta, tawadar Allah da ke bayan kunnenta. Duk ranar da kewa ta taso sai in buɗe in same ta a nan, kwance tsakanin layuka.

Yanzu kuskure na biyu. Lokacin soja ne, kamar yanzu, mutane na magana ƙasa-ƙasa ko a cikin gonakinsu. Sai labari ya zo wai an tafi da wani malamin lakwal a wani gari saboda takardun da aka samu a ɗakinsa. Ba wanda ya san garin, ba wanda ya san malamin, kowa daga wani ya ji. Wan babanku, Baba Illa, ya zo ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba, ya ce da babanku da ƙarfi don in ji, a duk zuri'ar nan mace ɗaya ce ta iya riƙe bik, kuma ana ganinta gindin gawo. Ya ce shi dai bai ce komai ba, amma jandarma in ya zo kama mutum ba ya tambaya ko waƙa ce ko wasiƙa.

Na tuna akwai shafin da na rubuta cewa jar dawar taimako ta wuce mu ba ta tsaya ba. Layi ɗaya tak. Da na yage shafin nan, da ya isa. Tsoro bai bar ni na yi wannan tunani ba. Da la'asar ina tuƙa tuwo na cusa kayen dukansa cikin murhu. Ya ci da kyau, harshen wutar har da shuɗi-shuɗi, na ga shafuka na buɗe kansu ɗaya bayan ɗaya kamar wani ke karantawa. Kuka ci tuwon, babanku ya ce yau ya nuna.

Ba jandarman da ya zo. Har yau.

Bayan shekara biyu ina zaune ina tsefe kai sai na tambayi kaina, tawadar Hajo a kunnen dama take ko na hagu? Na tambayi babanku, ya ce shi bai ma san tana da ita ba. Cikin kalmominta huɗu biyu suka rage mani. Wannan ita ce mutuwarta ta biyu, kuma da hannuna na yi ta.

Ban ce ki zama wawiya ba. Kayenki ba jarida ba ne, ki bar masu mulki da mulkinsu. Sunan mace mai haihuwa ma kada ki sa, amana ce. Amma kada ki yanke wa abin da ke raya ki hukunci ranar da kike cikin tsoro. Ki bari kwana ɗaya ya wuce. In ya zama dole ki yage shafi, kada ki hallaka littafi.

Ban sake rubutu ba. Na koma cewa aikin banza ne, na 'yan mata marasa abin yi. Na ɓarnatar da abu mai daraja, sai na ce dama ba shi da daraja, don in iya zama da kaina. A nan aka samu Innar da kika sani, mai faɗa kan tsintsiya, mai faɗa kan ɗaurin kallabi.

Na uku kin san shi, amma zan faɗe shi don ki san ban binne shi ba. Kina da shekara goma sha huɗu kika zo hutun makaranta daga Tasawa. Ina kakkaɓe shimfiɗarki na ga ƙaramin kaye ƙarƙashin tabarma. Na san ko mene ne tun ban taɓa shi ba, ni da na yi irinsa. Duk da haka na buɗe, kuma ban tsaya nan ba. Gwaggonki na tsakar gida tana tsinkar zogale, ke kina daka, na fito na karanta da ƙarfi ina kwaikwayon muryarki.

"Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina jin ba ta sona."

Gwaggonki ta yi dariya ta ce yau ga 'yar fari mai son uwarta ta zubar da kunya, gobe kuma sai ki ce a goya ki. Ni na ce ƙoshi ne ke sa yarinya rubuta irin wannan shirme. Ba ki ajiye taɓarya ba. Kika gama dakan, kika tankaɗe, kika karɓi kayen daga hannuna da ladabi, ban sake ganinsa ba. Tun ran nan "to, Inna" da "a'a, Inna" kaɗai nake samu daga gare ki, kuma da su kika haɗa kayan tafiya.

Na yi shekaru ina cewa tarbiyya na yi. Ba tarbiyya ba ce. Haushi ne, na ganin kina da abin da na ƙone. Ga kuma abin da na kasa faɗa maki a tsakar gidan. Amsar layin nan naki tana cikin kayen da ya tafi murhu. Ke 'yar fari ce, bakina ba ya kama sunanki, haka na tarar, haka uwata ta yi wa yayata. Amma bik ba ya jin kunya. Ba shafin da sunanki bai fito ba. Ranar da na rubuta labarin marin da na yi maki kan tsaki, na cika rabin shafi da shi, ba komai sai shi, layi bayan layi kamar horon da ake ba mu a lakwal. Ba ni da shaida, ni na ƙone ta. Sai dai ki yarda ko kada ki yarda.

Ban roƙe ki gafara a takarda ba, wannan sai ranar da kika ga dama. Umarni nake ba ki, ki rubuta. Kada ki jira babban abu ya faru. Ki yi shi da harshen da kike kuka da shi, kada ki yi mashi kwalliya, ba mai dubawa. Ranar da haihuwa ta zo da gardama aka rasa uwa ko ɗa, ki wanke hannu, ki yi alwala, ki yi salla, sannan ki zauna da kaye kafin ki yi wa kowa magana cikin fushi. Salla ce gaba, kada in ji kin ce Inna ta ce rubutu ya isa. Abin daɗi ma ki sa, tsohuwar da ta aiko maki fura, launin sama kan garin in hadari ya haɗo, mafarkin da ya biyo ki har gari ya waye. In damana ta yi kyau ki rubuta ta dalla-dalla, akwai shekarar da za ki nemi ki shiga cikinta. In kuma ni kika rubuta, ki rubuta gaskiya, ba zan gani ba. Sauran faɗan, na rufe kai da kama baki da barin yawon gidajen mutane, kin haddace shi, ba sai na ɓata takarda ba.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki. Allah ya sa albarka a hannunki, ya raya abin da za ki karɓa, ya ba ki haƙurin abin da bai rayu ba. Allah ya ba garinku ruwa, ya ba namu, ya maido mana ke da lafiya. Ni ce Innarki, daga Baudeta.

Saura abu ɗaya. Jiya da kika tafi sallama da dangi, na tara su a tsakar gida, babanku da gwaggonki da ƙannenki Balki da Zali. Na ba 'yan matan kowace kayenta, na ce ina da doka. Gwaggonki ta ce yau kuma wace sabuwar doka soja suka aiko. Na ce wannan ba tasu ba ce, tawa ce, kuma za ta fi tasu daɗewa. Ga ta, yadda na faɗa masu. Daga yau a gidan nan kayen mutum nashi ne. Ba uwa, ba uba, ba gwaggo da za ta buɗe shi, wanda ya same shi a buɗe ya rufe ya mayar inda ya gan shi. Wadda aka tarar zaune da bik a hannu ba a aikenta sai ta gama, ko da tuwo na ƙonewa, ni zan tashi in sauke. Dokar ta hau kaina kafin kowa, kuma ta bi ki har inda kike.